Tambaya da Amsa: Murfin Kofin Koko, Fura da Shayi

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, huɗu sun faɗo a kan abu guda, wato murfin kofin da ake zuba abin sha a tafi da shi, a yar bayan an gama. Dukkansu daga unguwannin Zango na Kumasi suka fito, kuma na jera su ne bisa yadda amsar ɗaya ke share wa ta gaba hanya. Na rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na jima ina sayar da koko da ƙosai a Aboabo, kuma da can a leda nake ƙulla wa kowa. Yanzu ma'aikatan ofisoshi na Adum sun fi son kofi mai murfi, har wasu kan aiko ɗan okada ya karɓar musu. Matsalata ita ce murafan da nake sayowa a kasuwa: wani ya ƙi shiga, wani ya shiga amma ya yi sako-sako, wani kuma da zarar zafi ya taɓa shi sai ya lanƙwashe ya faɗa cikin kokon. Alhali mai shagon ya rantse mini cewa lambarsu ɗaya da ta kofin. Ina laifin yake? Daga wata mai koko, Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Mai shagon bai yi miki ƙarya ba, sai dai lambar da yake dubawa ba ita ce ke haɗa murfi da kofi ba. Lambar da ake rubutawa a jikin kwali, 8 ko 12 ko 16, yawan abin da kofin ke ci take nunawa a ma'aunin oza na Amurka: oza 8 kusan mililita 240 ke nan, oza 12 kusan 355, oza 16 kuma kusan 470. Shi kuwa murfi babu ruwansa da cikin kofi, baki yake kamawa, kuma faɗin baki da milimita ake auna shi. A kofunan takarda na abin sha mai zafi, na oza 8 yawanci bakinsa milimita 80 ne, na oza 12 da na 16 kuwa milimita 90, shi ya sa za ki ga murfi ɗaya ya hau su biyun duk da ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kofunan roba masu garai-garai na abin sanyi kuma akwai mai 90, akwai mai 95, akwai mai 98, kuma ido ba ya rarrabe su a kan teburin mai shago.

Ko faɗin ya zo ɗaya, akwai sauran magana. Ki shafa bakin kofin da yatsa, za ki ji an naɗe shi ya yi leɓe. A cikin murfin kuma akwai ɗan kwarmi da ya zagaye gefensa, wanda leɓen ke shiga ya maƙale. Kowace masana'anta da kaurin leɓen da take naɗewa, saboda haka murfin wannan kamfani kan yi wa kofin wancan yawa ko kaɗan da abin da bai kai milimita guda ba, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya ɓata rigar mai saye. Abin da na fi ba ki shawara a kai shi ne ki riƙa sayen kofi da murfi na masana'anta ɗaya, a hannun mutum ɗaya. Idan hakan bai samu ba, ki tafi kasuwar Kejetia da kofinki a jaka, ki sa a zuba masa ruwan sanyi, ki danna murfin da tafin hannu har ki ji ya yi ƙas ta kowane gefe, sannan ki karkata shi ki ga ko zai ɗiga. Kada kunyar mai shago ta hana ki wannan gwaji kafin ki biya kuɗin kwali guda.

Murfin da ke lanƙwashewa kuwa, ba a yi shi don zafi ba ne tun farko. Ki ɗaga shi wajen haske, za ki ga wata 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiyarta. Idan 1 ce, irin robar gorar ruwa ce, tana da kyan gani kamar gilashi, amma tana fara laushi da zarar zafi ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, kuma kokon da aka sauke yanzu ya wuce haka. Wannan murfin sobolo (wato zoɓo) ne da lamurje da fura mai ƙanƙara. Idan 5 ce, ita ce mai ɗan dishi-dishi, ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160, kuma ita nake so ki nema. Idan 6 ce, ita ce ta fararen murafai da baƙaƙen da ake sa wa gahawa. Tana ɗaukar zafin shayi, amma tana da gautsi, takan tsage a gefe idan an danna ta da ƙarfi. Ki tuna kuma cewa koko ya fi shayi riƙe zafi, domin kaurinsa ba ya barin na ƙasa ya juyo sama ya sha iska, don haka murfin kokonki ya fi na mai shayi daɗewa a cikin tururi.

Tururin nan shi ne dalilin 'yar hudar nan mai kamar tsinin allura da ke saman murfin abin zafi, wadda wasu ke ɗauka kuskuren inji ce. Idan babu ita, tururi ya taru ya tura murfin sama, in kuma abin ya huce, iskar ciki ta tsuke ta jawo shi ƙasa. Ita ce kuma ke barin iska ta shiga lokacin da mutum ke kurɓa, don abin sha ya fito a hankali maimakon ya yi ta ɓulɓul. Ki duba kada ta toshe, ki bar faɗin yatsa guda tsakanin koko da bakin kofi, ki goge bakin kafin ki rufe, kuma idan kofin takarda ne, ki juya ƙofar sha ta kalli ɓangaren da ba shi da ɗinki, domin ta wajen ɗinkin nan ne ɗiga ta fi fitowa.

Game da na ɗan okada, kada ki ba shi murfi mai ƙofar sha a buɗe, domin ramukan hanya za su watso kokon ta nan. Ki nemi shafaffen murfi wanda ba shi da komai sai hudar iska. Akwai kuma injin da ke manna siririyar leda a bakin kofi da zafi, wanda masu shayin ƙwallayen rogo na Taiwan suka yaɗa a duniya. Yana rufewa ruf, amma sai ledar ta dace da irin robar kofin kafin ta kama, yana son wuta, wadda ke da ni mun san halinta a garin nan, kuma abu mai tururi kan kumbura ledar idan ba a ɗan bar shi ya sarara ba. A ganina ya fi dacewa da mai fura da mai sobolo fiye da ke.

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kuma na tashi a Sawaba. Na lura duk murafan da ke kasuwa ba su dace da fura da burkina (nono mai ƙwayoyin gero) ba, domin gudajin fura da ƙwayoyin gero na toshe ƙofar, sai mutum ya cire murfin ya yar tun kafin ya fara sha. Ina so in zana wanda ya dace da namu abin sha. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi kada a sace mini fasaha? Daga wani ɗalibi, Sawaba.

Amsa: Ƙanena, abin da ka lura da shi shi ne rabin aikin, domin kowane murfi an zana shi ne don wani abin sha da wani mai sha, kuma waɗanda ke cike da kasuwarmu an zana su ne don gahawa mai ruwa-ruwa a hannun mutumin da ke tuƙa mota a Amurka. Shahararren cikinsu shi ne Solo Traveler, wanda Jack Clements ya zana, aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1986, kuma yau yana cikin kayan da gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya ajiye. Ka samo irinsa ka zauna da shi na awa guda. An ɗaga samansa ne don abin sha ya samu filin tangaɗi kuma kumfar madara ta samu wuri. An ɗora ƙofar sha a kan tudun gefe don leɓe ya kama ta kamar yadda yake kama bakin kofi. Kwarin da ke bayan ƙofar an yi shi ne don leɓen sama ya samu mazauni, kuma abin da ya fantsalo ya taru a nan maimakon ya gangaro kan hannu. Babu layi ɗaya a jikinsa da ba shi da dalili, kuma haka nake so naka ya kasance.

Saboda haka kada ka fara da kwamfuta. Ka fara da zama a wajen mai fura da rana tsaka da littafi a hannu, ka ga yadda mutane ke sha da gaske. Wanda ya sayi fura yakan girgiza ta ko ya motsa, domin takan kwanta. Burkina kuwa, geron yana zama a ƙasa, nono ya tsaya a sama, kuma mutane da yawa da cokali suke gamawa. Daga nan za ka gane cewa murfinka yana da ayyuka uku da na gahawa bai san da su ba: ya jure girgiza ba tare da ya ɗiga ba, ya bar gudaji ya wuce, kuma ya ba cokali hanya. Bututun zuƙa na yau da kullum faɗinsa kusan milimita 6 ne, na shayin ƙwallayen rogo kuwa kusan 12, kuma wannan na biyun ya nuna maka cewa wasu sun riga sun fuskanci matsalar abin sha mai ƙwayoyi sun warware ta ta hanyarsu. Ni dai da zan zaɓa, da na bar bututun gaba ɗaya na yi babbar ƙofa mai marfin kanta, wanda ke manne da murfin, a ɓalle shi a kwantar da shi baya ya maƙale, a kuma iya mayar da shi idan za a girgiza. Ba baƙon tunani ba ne: a 2018 kamfanin Starbucks ya sanar da zai daina ba da bututun roba, ya maye gurbinsa da murfi mai ƙofar kurɓa da aka yi da roba mai lamba 5.

Ka kuma san yadda ake ƙera abin kafin ka zana shi, don kada ka zana abin da inji ba zai iya fitarwa ba. Yawancin murafan nan ba narka roba ake yi a zuba ba. Falle ne na roba ake gasawa har ya yi laushi, a shimfiɗa shi kan ƙarfen zubi, a zuƙe iskar da ke tsakani ya kwanta ya ɗauki siffar ƙarfen, sannan a yanke gefe a huda ƙofofi. Wannan hanya tana da dokokinta. Duk inda ka zurfafa zane, robar za ta miƙe ta yi sirara a nan. Bangon murfi dole ya ɗan karkata, in ba haka ba ya ƙi fita daga ƙarfen. Kusurwa mai kaifi kuma ita ce inda tsagewa ke farawa. Wurin da zai fi ba ka wahala shi ne kwarmin da ke kama leɓen kofi, domin idan ya yi zurfi mai fura ba za ta iya dannawa da hannu ɗaya ba, idan kuma bai yi ba, murfin ya tashi da girgizar farko. Akwai wani abu da ɗalibai kan manta da shi: murafai a jere ake tara su ɗari-ɗari, saboda haka sai sun shige cikin juna don su rage wuri a kwali, amma kada su manne har mai sayarwa ta riƙa ciro biyu a maimakon ɗaya da jiƙaƙƙen hannu. Shi ya sa za ka ga 'yan tudu ƙanana a gefen wasu, aikinsu ke nan.

Kada ka zana sabon faɗin baki. Ka ɗauki milimita 90 ko 95 da ke kasuwa ka gina a kai, domin babu mai fura da za ta sauya kofunanta saboda murfinka. Samfurin farko kana iya fitar da shi da injin ɗab'i mai fitar da siffa (3D printer) a jami'arku, ko ka sa a sassaƙa maka abin zubi na katako mai tauri, ka gasa falle ka gwada da injin zuƙe iska. Sai zane ya zauna sannan ka nufi masu aikin ƙarfe a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, da maganar na alminiyom, kuma ka je musu da awo a rubuce, domin aikin da ake auna shi da ɓangaren milimita ba a yin sa da kwatance. Gwajin kuma a kan titi za ka yi shi: ka cika kofi ashirin, ka sa a kwando, ka hau pragya, wato babur mai ƙafa uku, daga Aboabo zuwa Tafo, ka ƙirga nawa suka ɗiga. Wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara sun wallafa bincike a 2012 da ya nuna cewa takun ɗan Adam yana zuwa kusan daidai da tangaɗin ruwa a cikin kofi, shi ya sa gahawa ke zuba bayan 'yan taku kaɗan. Fura ta fi gahawa kauri, ba ta tangaɗi haka, amma idan ta taso da nauyi take bugun murfi, kuma wannan ba wanda zai auna maka shi sai kai.

Maganar sata kuma, Gana tana da dokar mallakar ƙirƙira ta 2003 da dokar zanen kayan masana'antu ta wannan shekarar, kuma tana cikin ARIPO, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka mai hedikwata a Harare, wadda ta hanyarta ake iya neman kariya a ƙasashen Afirka da dama da takarda ɗaya. Dokar farko tana kare yadda abu ke aiki, har shekara 20, ta biyu kuma tana kare kamanninsa. Abin kiyayewa shi ne ka shigar da takardarka kafin ka baza hotuna a Facebook, domin abin da aka riga aka bayyana wa duniya yana wuya a kira shi sabo. Wa'adin nan na shekara 20 yana da wani amfani gare ka: kariyar tsofaffin zane irin na Clements ta ƙare tuni, takardunsu kuma suna nan a intanet kyauta da zane-zanensu, kana iya karanta su kamar darasi.

Tambaya: Ina da teburin shayi a Asawase. Kwanaki murfi ya kuɓuce wa wani yaro da aka aiko, shayi ya ƙona masa hannu, mahaifinsa ya zo yana faɗa. Laifina ne ko na masu yin murfin? Daga wani mai shayi, Asawase.

Amsa: Malam, Allah ya ba yaron lafiya. Hukunci ba aikin wannan fili ba ne, amma kai ne ka zuba, kai ne ka rufe, kuma kai ne mutum na ƙarshe da zai iya ganin murfin bai zauna ba. Sanannen misali shi ne na Stella Liebeck, dattijuwa mai shekara 79 a birnin Albuquerque na Amurka, wadda a 1992 ta sa kofin gahawar McDonald's tsakanin gwiwoyinta ta ja murfin don ta zuba sukari da madara, ya kife mata, ta ƙone har ta kwana takwas a asibiti. A 1994 masu taya alƙali hukunci suka ɗora wa kamfanin kashi 80 cikin ɗari na laifin, ita kuma kashi 20, kuma abin da ya fi ja wa kamfanin shi ne zafin da yake sayar da gahawar a kai, wanda ya haura digiri 80. Ka lura cewa cire murfin ne ya jawo haɗarin. Don haka ka haɗa sukari da madara ka motsa kafin ka rufe, ta yadda babu wanda zai buƙaci buɗewa a hanya. Idan yaro aka aiko, ka bar shayin ya ɗan huce, ka sa kofin a leda mai hannu, ka gaya masa kada ya riƙe ta murfi, kada kuma ya matse tsakiyar kofin, domin matsewar ce ke tankwasa baki murfi ya yi tsalle. In an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudana na minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, kuma idan ya yi ƙuraje masu ruwa ko ya yi faɗi a tafi asibiti.

Tambaya: Ni tsohon malamin makaranta ne. Ina ganin yadda rafin Aboabo da na Subin suka cika da roba, kuma duk damina sai ruwa ya shiga gidaje. Ashe ba ƙara mana shara kuke yi ba da kuke koya wa mutane kofi da murfi? Me ya sa ba za a koma na takarda ba? Daga wani dattijo, Sabon Zango.

Amsa: Baba, maganarka gaskiya ce, kuma ba zan kare kaina da cewa leda ma shara ce ba, domin kofi da murfi sun fi ƙullin leda yawan roba. Sai dai na takardar ma ba kamar yadda ake zato yake ba. Kofin takarda yana da siririn shafi na roba a cikinsa, in ba haka ba da ya jiƙe cikin minti kaɗan, kuma raba shafin da takardar yana buƙatar injin musamman. Murfin da ake yi da robar masara, wanda ake rubuta wa cewa yana ruɓewa, sai a wurin haɗa taki mai zafin kusan digiri 60 yake ruɓewa. A cikin kwata zamansa yake yi kamar kowace roba, kuma irinsa na abin sanyi ba ya jure koko. Wanda na fi ganin alheri a cikinsa shi ne na tuƙar rake da ake matsewa a ƙarfen zubi, domin yana ɗaukar zafi kuma tsiro ne, ko da yake yakan yi laushi idan ya daɗe a kan tururi, kuma bai kai na roba kama baki ba.

Hukumomi ma sun fara motsi. Jihar Legas ta haramta farar robar nan mai kama da soso a watan Janairun 2024, kuma a ranar 5 ga Yunin 2025 Shugaba John Mahama ya sanar da aniyar hana shigo da ita da ƙera ta a Gana. Murfi mai lamba 6 danginta ne, sai dai shi ba a hura masa iska ba, don haka nake gaya wa ɗalibin da ya rubuto a sama kada ya zuba ƙarfinsa a kan roba mai lamba 6. Idan kofi da murfi duka lamba 5 ne, mai tsintar roba zai iya jefa su buhu ɗaya ba tare da ya tsaya rarrabewa ba, kuma marfin da ke manne da murfi ba ya zama ɗan guntun da zai ɓace a ƙasa, wanda shi ne dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta wajabta manne marfi da gorar abin sha tun daga Yulin 2024.

Ga masu saye na cikin unguwa kuwa, waɗanda tsakaninsu da mai koko bai wuce gida biyar ba, ban ga abin da ya hana a koma aiko yaro da kwano mai murfi ko fulas ba, kamar yadda kuka yi a zamaninku. Ina roƙon Hajiyar Aboabo, wadda na san za ta karanta wannan shafi har ƙarshe, ta gwada ƙara wa duk wanda ya zo da mazubinsa rabin ludayi, tunda kuɗin kofi da murfin da bai ɗauka ba a aljihunta ya zauna, ta kuma rubuto mana bayan wata guda ta gaya mana mutum nawa suka riƙa zuwa da nasu.